Kifi na ganinka, mai jar koma: yadda sabon diskus ke sakin jiki a gida



Yau za mu leƙa cikin akwatin gilashin kifi, irin wanda ake gani a falon wasu gidaje da ofisoshi a Kano da Kaduna da Abuja. Kifin da za mu yi magana a kansa shi ne diskus, wani kifi zagayayye kamar faifai, mai launi kamar an zana shi da hannu, wanda masu kiwon kifin ado ke yi wa kirari da sarki. Yana da tsada, kuma ga abin da ke tayar da hankalin duk wanda ya fara sayensa: ka kawo shi gida da murna, sai ya shige lungu, ya yi duhu, ya ƙi ci, ya ƙi fitowa. In ka yi ƙorafi sai a ce maka, "Ai kunya gare shi."

A ganinmu daga wannan kalmar kuskure ke farawa. Mu da muke koyon rubutu mun san yadda kalma ɗaya ke karkatar da labari. Da an ce kunya, hankalinmu sai ya tafi ga amarya a makonta na farko, wadda ake shiga ɗakinta ana jan ta da hira, ana tura mata kwano, har ta saba. Sai mu yi wa kifi haka: mu manna fuska a gilashi, mu ƙwanƙwasa da yatsa, mu ƙara haske, mu zuba abinci iri uku. Alhali tsoro ne ke damunsa, tsoron kada a cinye shi. Mai tsoro kuwa matsowarka kusa ƙara firgita shi take yi. Taimakon da yake buƙata shi ne a kawar da abin da ke ba shi tsoro, sannan a ƙyale shi.

Kafin mu san abin da ke tsorata shi, sai mun san inda ya fito. Asalin diskus kogin Amazon ne da rassansa, a ƙasashen Burazil da Peru da Kolombiya. Wani masanin kifaye ɗan ƙasar Ostiriya, Johann Jakob Heckel, shi ya fara bayyana shi ga masana a 1840, daga kifin yankin Rio Negro, kogin da ke haɗuwa da babban kogin kusa da birnin Manaus. Ruwan Rio Negro launin shayi gare shi saboda ganyayen da ke ruɓewa a ciki, kuma hasken rana ba ya nisa a cikinsa. A can diskus na zama garke-garke, a inda ruwa ba ya gudu, tsakanin saiwoyi da bishiyoyin da suka faɗa kogi. In ka kalle shi ta gaba za ka ga siriri ne ƙwarai, wannan ke ba shi damar kutsawa tsakanin rassa idan ya ga haɗari. Masana sun sa shi a dangi ɗaya da karfasar da muke soyawa, sai dai ita karfasa tana jure wahalar da shi ba zai iya ba.

Yawancin diskus da ake sayarwa yau a gonakin kifi aka ƙyanƙyashe su, a Malesiya da Tailan da Jamus, ba su taɓa ganin Amazon ba. Duk da haka halin kakanni na nan a jikinsu. Inuwa daga sama, a wurinsu tsuntsu ne ya zo farauta. Kaɗaici kuwa haɗari ne, don a kogi wanda ya ware daga garke shi ake fara kamawa. Kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, saboda haka fitilar da ka kunna farat ɗaya cikin duhu dukan ido ce a gare shi. Sannan yana da wani layin jijiyoyi a gefen jikinsa da ke jin motsin ruwa, don haka bugun ƙofa da gudun yara da ƙarar sifika duk suna isa gare shi ko da ba ya kallon wajen. Ka ƙara da cewa kafin ya iso hannunka an kama shi da raga, an ƙulle shi a leda, an yi ta jijjiga shi a mota ko jirgi na tsawon sa'o'i. In ya shige lungu bayan wannan duka, ya yi abin da ya dace ne.

Rabin aikin tun kafin kifin ya zo ake yin sa. Akwati sabo fil da aka cika da ruwa jiya ba gida ba ne tukuna. Kashin kifi da abin da yake fitarwa wajen numfashi na zama amoniya, guba ce, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama cikin matatar ruwa su ke sarrafa ta. Kafin su yi yawan da zai isa, akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Wanda ya saka diskus kafin lokacin, kifinsa zai yi duhu ya ƙi ci, shi kuma ya ɗauka halin baƙunta ne, alhali ruwan ne ke ƙona shi. Zafin ruwan kuma ya tsaya tsakanin digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, kada ya riƙa hawa da sauka.

Sai batun yawa, inda muka fi yin kuskure saboda aljihu. Mu kanmu da guda biyu muka fara, muna ganin mun yi dabara. Cikin 'yan kwanaki babban ya mallake akwatin, ƙaramin ya koma bayan hita, in ya fito neman abinci a kore shi, har ya rame muna kallo. Diskus na da shugaba da mabiya, kuma in sun yi kaɗan, duk faɗan a kan guda ɗaya yake ƙarewa. Shi ya sa masu kiwonsa ke cewa a fara da biyar ko shida, a ware wa kowane babba kimanin lita 40, wato guda shida na son akwatin da ya kai lita 240. Mun san wannan magana ba ta da daɗin ji, amma ra'ayinmu ke nan: wanda ƙarfinsa bai kai garke da akwatin da zai ɗauke su ba, ya dakata, ko ya fara da kifin da ya fi sauƙi.

Inda aka ajiye akwatin shi ma magana ce. A ɗora shi a kan teburi mai ƙarfi da tsayi, yadda kifin zai riƙa ganin mutane daidai ido, ba suna rufto masa daga sama ba. A nisanta shi da ƙofa da talabijin da taga mai rana. A rufe bayansa da gefensa da takarda mai launi ɗaya, don ya zama gefe ɗaya kawai zai riƙa tsaro. A saka itacen da aka tanada don akwatin kifi ko dogayen tsirran ruwa, ya samu abin raɓewa.

Ranar da ya iso, a kashe fitilar akwatin, a rage ta ɗakin. A ɗora ledar a rufe kan ruwa minti 15 zuwa 20, zafin ciki da na waje su daidaita. In tafiyar ta yi tsawo, da zarar an buɗe ledar kada a yi jinkiri, domin iskar da kifin ya fitar a hanya ta sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma shi ke danne dafin amoniyar da ta taru. Da iska ta shiga sai tsamin ya ragu, dafin ya tashi. A ɗauko kifin a hankali a saka, ruwan ledar kuma a zubar a waje. Daga nan sai aiki mafi wuya: a tashi a ba shi wuri. Ba abinci a ranar farko, ba hoto da filasha, ba kiran maƙwabta su zo kallo. Fitilar akwatin ta kwana ɗaya ko biyu a kashe. In an fara kunna ta, a riƙa fara kunna ta ɗaki, bayan wasu mintoci a kunna ta akwati, da dare kuma a kashe ta akwati kafin ta ɗaki.

Abinci kuwa, a tambayi mai sayarwa abin da kifin ya saba ci, a fara da shi, kaɗan. Abin da ya rage bayan minti goma a kwashe. Babban diskus mai lafiya na iya kwanaki bai ci ba, bai mutu ba, amma abincin da ya ruɓe a ruwa mai ɗumi yana saurin ɓata ruwan. Mutum ɗaya ya riƙa ba su, a lokaci ɗaya kullum, yana tahowa a hankali, ya zauna gefe ba motsi. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. To haka yake ganin mai kawo abinci, kuma yana bambance su. Sau da yawa cikin mako ɗaya ko biyu za ka ga sun fara tarbar ka a gaban gilashi, wasu har su ci a hannunka.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wasu na cewa in ka ba shi maɓoya, ɓuya zai yi ta yi har abada, gara akwati fayau ya saba dole, ai masu gonakin kifi haka suke yi. Gaskiya ne suna yi, don sauƙin wanke ƙasa, amma su kifayensu da yawa suke a wuri ɗaya, garken shi ne maɓoyarsu. A falon gida abin da muka gani shi ne, kifin da ya san yana da wurin gudu shi ya fi ƙarfin halin fitowa. Inda muka yarda da su shi ne kada a kai akwatin ɗakin da ba mai shiga. Diskus da ba ya ganin mutane sai sau ɗaya a rana, duk shigowa firgita ce. Zirga-zirgar gida ta yau da kullum, mai natsuwa, ita ke koya masa cewa giftawar mutum ba ta kawo komai.

Ja na biyu ya fi nauyi: in kuma ciwo ne fa, muna zaune muna cewa haƙuri har ya mutu? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta lura. Tsoro raguwa yake yi kullum: yau ya leƙo, gobe ya fito in ba kowa, jibi ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Ratsin tsaye da ke bayyana a jikin wasu nau'o'insa idan sun firgita yakan zo ya tafi. Ciwo kuwa gaba yake yi. In ka ga farin kashi mai tsawo kamar zare, ko fukafukai a manne da jiki, ko numfashi da sauri, ko yana goga jikinsa da itace, ko goshinsa ya fara ramewa, wannan ya wuce baƙunta. Ko a nan ma, a fara auna ruwa da kayan gwaji kafin a taɓa magani, sannan a nemi wanda ya san kifi ko likitan dabbobi. Zuba magani barkatai na iya kashe bakteriyar matata, garin gyaran gira a rasa ido. Wanda kuma yake da tsofaffin kifaye, ya killace sababbi a akwati dabam na mako 4 zuwa 6 kafin ya haɗa su.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a nan musamman, wato wuta da yanayi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, saboda haka in wuta ta ɗauke, matata ta tsaya, diskus na cikin waɗanda ke fara jigata. Ƙaramin injin iska mai batir ba ado ba ne a wurinmu, kuma gara a mallake shi kafin a mallaki kifin. A hunturu, daren Disamba da Janairu na iya sauke zafin ruwa sosai in hita ba ta aiki. Lulluɓe akwatin da bargo yana rage asarar ɗumi. Ruwan famfo sai an cire masa kulorin, na rijiyar burtsatse kuma sai an gwada shi. Diskus ɗan gona yakan saba da ruwan da ba irin na Amazon ba, muddin yana da tsabta kuma ba ya canzawa. Abin da ba ya jurewa shi ne mai gida ya riƙa zuba sinadari yau da gobe yana neman lambar da ya gani a intanet. In za a canza ruwa, sabon ya zama zafinsu ɗaya da na ciki, a zuba shi sannu.

Wanda ya sayi diskus ya ɗauki amanar rai da ba ya iya kuka, ba ya iya ƙaura in gidan bai yi masa ba. Shawararmu ga duk ɗan uwa ko 'yar uwa da ke shirin kawo shi gida ita ce a ajiye ƙaramin littafi kusa da akwatin, a riƙa rubuta layi uku kullum: zafin ruwa nawa ne, ina kifin ya tsaya, me ya ci. Bayan kwana goma shafin zai nuna ko tsoron na raguwa ko ciwo ne ke shigowa, abin da ƙwaƙwalwa kaɗai ba za ta riƙe ba. Mu marubuta kuma mun ci riba biyu, don zama shiru a kalli abu har a gane shi darasi ne da alƙalaminmu ke buƙata.

Wanda ya taɓa kiwonsa, ko yake da ja a kan abin da muka faɗa, muna sauraro. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.