Wa Zai Rubuta Jagoran Ƙasar Wudil?

Akwai wani nau'in littafi da Turawa suka daɗe da sabawa da shi, watau littafin jagoran matafiyi, wanda ke gaya wa baƙo inda zai sauka, da abin da zai ci, da abubuwan ban mamaki da zai kalla. An yi wa Nijeriya irinsa da Ingilishi, alal misali wanda kamfanin Bradt ya fara bugawa a 2005. Idan irin waɗannan littattafai suka zo kan Kano, yawanci a cikin birni suke tsayawa: Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata, da Dutsen Dala, da Gidan Makama. Ƙauye kuwa ba ya samun shiga sai in yana da abin da zai sa baƙo ya riƙe baki. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙasar Wudil tana buƙatar nata jagoran, kuma da Hausa ya kamata a rubuta shi.

Wudil tana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da Kano, a kan hanyar Maiduguri. Wanda ya sauka a Sabon Garin Wudil ranar Juma'a zai tarar gari ya cika ya batse, domin ranar ce kasuwa take ci, kuma karar shanunta tana cikin manya a Nijeriya. Idon baƙo zai ga ƙura da ƙahoni da manyan motoci, ya ɗauki hoto ya wuce. Amma ba zai san aikin dillali ba, ko yadda ake karɓar la'ada, ko dalilin da ya sa fatoma yake tsaya wa baƙon da ya kawo dabba. Haka nan a bakin gada zai ga masu haƙo yashi daga kogi suna loda shi a kwalekwale, ga masunta, ga tukwanen ƙasa an jera. Abin da yake gani tamkar wasa, shi ne abincin gidaje masu yawa. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bugu da ƙari, akwai abubuwan da ido ba ya gani sai an faɗa. Matafiyi zai wuce Utai bai san nan ne mazaunin Joɓawa ba, zuriyar Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin malaman da suka jagoranci jihadi a Kano, waɗanda sarautar Makama ta zauna a gidansu. Zai ga hanyar Gaya bai san cewa tarihin Kano ya danganta maƙeran farko da suka zauna a Dala da wannan gari ba. In ya miƙe ya isa Birnin Kudu, wadda ta koma Jihar Jigawa a 1991, akwai zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsu, da wasu duwatsun masu amo kamar kuge idan an ƙwanƙwasa su. Bernard Fagg ne ya bayyana wa masana labarinsu a shekarun 1950, amma mutanen wurin sun san su tun kafin zuwansa.

Wani zai ce Bahaushe ba ya yawon buɗe ido, saboda haka wa zai sayi littafin? Amsa ita ce masu karatun suna nan a Wudil ɗin kanta. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, da Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda, suna tara dubban matasa daga ko'ina. Da yawansu sukan gama karatu su tafi ba su san garin ba in ban da tasha da bakin titi. Daɗin daɗawa, adabin tafiye-tafiye ba baƙo ba ne a Hausa. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Su sun kawo wa Bahaushe labarin nesa. Abin da ya rage shi ne a kawo masa labarin kusa.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin da ya ratsa Wudil ta canja, kuma su da noman fadama sun canja tare da ita. Tsofaffin da suka san kogin kafin haka suna ƙarewa. Duk Sarkin Ruwan da ya kwanta dama, yakan tafi da sunayen kifaye, da na gurabe, da kirarin masunta, waɗanda babu ƙamus ɗin da ya tattara su duka. Robobi kuma sun tasa tukunyar ƙasa a gaba, tare da kalmomin da maginan tukwane ke amfani da su.

A nan ne aikin Sashen Hausa yake. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin neman digiri, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Da za a raba wa ɗaliban aji ɗaya garuruwan ƙasar Wudil, wannan ya ɗauki Darki, wancan Indabo, wani Lajawa, kowa ya zauna da dattawa ya rubuto ranar kasuwa, da sana'a, da asalin sunan gari, da ladabin shiga wuri, da an sami littafi a zango guda. Sharaɗi ɗaya ne: kada a rubuta abin da mai wurin zai ji kunya in an karanta masa. Daga baya wanda ya so ya juya shi zuwa Ingilishi, sai ya juya. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, saboda haka ɗan gari ya kamata ya fara riƙe alƙalamin.