Ra'ayinmu: Mu da Farfesan Injiniya, Jirgi Ɗaya Ya Kwaso Mu

Tun daga shekarar 2001 da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ta fara karatu a Wudil, wadda a 2022 aka raɗa mata sunan Aliko Ɗangote, mu mutanen Ɗankaza da Indabo da Utai da Darki muka zama maƙwabtan farfesoshi. Sai dai maƙwabtakar ta tsaya a gaisuwa daga nesa. Da yawanmu muna ɗaukar farfesan injiniya a matsayin wanda ya gama hayewa, ba shi da sauran damuwa irin tamu. Wannan zato yana bukatar gyara.

Kafin mutum ya hau wannan kujera sai ya yi shekara biyar a digirin farko, ya yi hidimar ƙasa, ya ƙaro digiri na biyu da na uku. Daga nan ya riƙa hawa matakan koyarwa ɗaya bayan ɗaya, galibi shekara uku tsakanin mataki da mataki, yana bincike yana wallafawa, har a aika ayyukansa ga masana na wasu jami'o'i su auna su. Da wuya a kammala wannan tafiya cikin ƙasa da shekara ashirin.

Bayan ya hau, sai ya tarar da abin da muka saba da shi. Ilimin injiniya ba ya zaunuwa da alli da allo kaɗai: yana son ɗakin gwaji, da injina masu aiki, da wutar lantarki mai ɗorewa. Hukumar NUC da majalisar injiniyoyi ta COREN sukan zo su duba waɗannan kaya, kuma idan suka gaza, sashe yana iya rasa amincewarsu. A 2022 ƙungiyar ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun 2009. Duk farfesan da ya gaji ya koma kamfanin mai, ko ya tafi Saudiyya ko Ingila, ya tafi da gumin shekara ashirin.

To ina hannunmu a ciki? Ba a ɗaukar ɗalibi a tsangayar injiniya sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Yaron da ya bar aji shida bai iya rabawa ba, tun ranar aka rufe masa ƙofar, ko da ana hango ginin jami'ar daga gonar mahaifinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen a hannunmu yake. Kano ta taɓa gane haka: a 1977 aka kafa hukumar makarantun kimiyya, aka buɗe Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa da jihar ke alfahari da su a yau.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, da ta turo malaman lissafi da na fiziks makarantun karkara, tare da kayan gwaji. Muna roƙon malaman tsangayar injiniya su buɗe wa ɗalibanmu ɗakunan gwajinsu ko sau ɗaya a zango, su kuma zauna da malamanmu na lissafi lokacin hutu. Iyaye kuwa, kada a cire yarinya daga ajin kimiyya don ana ganin injiniya aikin maza ne.

Mu ma da namu nauyin, 'yan'uwa malamai. Kada mu tsallake babin da ya yi mana wuya. Mu nemi wanda ya fi mu sani ya koya mana. Gadar Wudil da madatsar Tiga za su bukaci masu kula da su nan da shekara talatin, kuma waɗanda za su yi aikin suna zaune a gabanmu a aji uku. Allah Ya ba mu ikon sauke amana.