Auna Hasken Farko daga Doron Ƙasa



A shekarar 1965, wasu masana biyu a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson, suka ba da labarin wani shuu da ya ƙi barin na'urarsu ta kama saƙon rediyo a jihar New Jersey. Duk inda suka juya ta, dare da rana, yana nan. Har kashin tantabarun da suka yi sheƙa a cikinta suka kankare, bai tafi ba. Ashe ragowar hasken da ya fara ratsa sararin samaniya ne, tun sararin yana da shekara 380,000 da kafuwa, yau kusan shekara biliyan 13.8 ke nan. Ya huce ƙwarai, sanyinsa ya kai digiri 270 ƙasa da sifiri, ido ba ya ganinsa.

Mai son auna shi daga ƙasa, babban abokin gabarsa laimar da ke cikin iska ce. Tana shanye hasken, kuma tana fitar da nata ta rikita awon. Shi ya sa masana ke gudun damshi. Wasu sun haura dutsen Cerro Toco a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, sama da mita 5,000, inda numfashi kansa aiki ne. Wasu sun tare a tsakiyar ƙanƙarar Antaktika, inda tun 2007 aka girke na'ura mai madubin mita 10, kuma idan rana ta faɗi sai bayan wata shida.

Wani zai ce, ga tauraron ɗan'adam, wahalar ta mece ce? Ai madubin tauraron Planck, wanda aka harba don auna wannan haske, mita ɗaya da rabi ne, kuma abin da aka harba ya tafi ke nan. Na ƙasa kuwa ana gyara shi, ana ƙara masa idanu. Bambancin zafin hasken da ake farauta tsakanin sassan sama bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 ba, dole a dawo a sake dubawa.

A 2014 masanan da ke aiki da na'urar BICEP2 ta Antaktika suka yi shelar gano sawun girgizar farkon halitta. Da aka haɗa awonsu da na Planck a 2015, sai ga shi ƙurar gungun taurarinmu ce ta shiga tsakani. Ba su nannaɗe tabarma ba. Suka ƙera sababbin na'urori masu iya tace ƙurar, aikin kuma yana ci gaba har yau.

A ganina, wannan juriya ta cancanci kowane kwabo da ake kashe mata.