Kuɗin Taimakon Manoma Ba Sadaka Ba Ne

Akwai wata magana da wasu ke yi wadda ya kamata a kashe ta tun ba ta yi jijiya ba. Wai in fari, ko ambaliya, ko fāra ta cinye gona, Gwamnati kuwa ta aiko da kuɗin taimako, to, wanda ya samu ya gode Allah, wanda ya rasa ya yi shiru, don kyauta ba a yi mata ƙorafi. Wannan magana banza ce. Kuɗin nan daga baitulmali suka fito, baitulmali kuwa da harajin talakawa aka cika shi. Ashe hakki ne aka mayar wa mai shi.

Ya kai mai karatu, dubi abin da shiru ya jawo a Amurka, ƙasar da ba a zarginta da talauci. Tun zamanin 1930 da 'yan kai, Ma'aikatar Gona ta ƙasar ta sa kwamiti a kowace gunduma, manoman wurin ke zaɓensu. Ta hannun waɗannan kwamitoci da ma'aikatan gunduma ake neman rance, da kuɗin taimako in masifa ta auku. A takarda shirin ba shi da aibu. Amma a jihohin kudu, inda baƙaƙen fata manoma suka fi yawa, kusan duk masu riƙe da alƙalamin farare ne. Baƙin mutum ya kawo takardarsa, sai a ce ya dawo gobe, ko a rage masa, ko kuwa a riƙe kuɗin har lokacin shuka ya wuce. Taimakon da ya zo bayan damina ta yi nisa, ina amfaninsa? A 1983 kuma aka rushe ofishin da ke binciken irin wannan kuka, ƙararraki suka yi ta taruwa ba mai dubawa.

A 1920 baƙaƙen manoma a Amurka sun haura 900,000. A 1997 ba su kai 20,000 ba. Dalilan suna da yawa, amma wannan zalunci yana cikinsu. A shekarar nan ta 1997 wani manomi, Timothy Pigford, mutumin Karolina ta Arewa, ya kai Gwamnati ƙara a madadin 'yan'uwansa. A 1999 aka yi sulhu gaban alƙali, aka yarda a biya dala 50,000 ga wanda ya nuna an zalunce shi wajen rance. A 2010 aka sake sulhu na dala biliyan 1.25 domin waɗanda suka makara. Amma fa gonar da aka riga aka sayar don bashi ba ta dawo ba.

Wani zai ce, ai 'yan kwamiti mutanen gari ne, su suka san wanda ya yi hasara. Gaskiya ne sun sani. Sun kuma san surukinsu, da abokinsu, da wanda suke kwaɗayin gonarsa. Sani ba shi ne adalci ba, ba a kuwa ba kura ajiyar nama a cikin duhu.

Saboda haka, ko'ina aka ce za a raba irin wannan kuɗi, abu huɗu wajibi ne. A auna hasarar kowa a gonarsa, da shaidu. A lika sunaye da adadin kuɗi inda kowa zai gani, a kuma karanta su a bainar jama'a. A ba kowa rasit mai kwanan wata ranar da ya kawo takardarsa. A kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara wurin wanda ba shi da hannu a rabon. Ma'aikacin kirki ba ya tsoron ko ɗaya daga cikinsu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku kuwa da Allah ya buɗe wa ido kuka iya karatu, nauyin ya hau kanku. Ku karanta wa maƙwabcinku sunayen, ku tambaya in nasa ya faɗi. Allah ya kiyashe mu da cin hakkin manomi, amin.