Lafiyar Iyali: Ana Iya Ganin Gigin Tsufa Tun Bai Bayyana Ba

A wannan wata za mu yi magana a kan abin da gidaje da yawa suka sani, ko da yake ba a cika faɗarsa a fili ba, wato gigin tsufa. Tsohuwa ta ci abinci, an jima kaɗan ta ce an hana ta tuwo tun jiya. Tsoho ya je kasuwar da ya yi shekara 50 yana ci, ya kasa gane hanyar gida. Waɗansu sukan ce tsufa ne kawai. Waɗansu kuwa sukan ce jifa aka yi, ko ma su ce tsohuwar mayya ce, tun da an tsince ta da tsakar dare tana yawo tana sambatu.

Likitoci sun daɗe da sanin ciwo ne. A shekara ta 1906 wani likita a ƙasar Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata wadda ta rasu tana da shekara 55, bayan ta yi shekaru cikin ruɗewa. Ya tarar ƙwaƙwalwar ta ƙanƙance. Ya kuma ga abu biyu: wani datti da ya dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da waɗansu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu. Yau ana kiran na fari amiloyid, na biyu kuwa tawu, ciwon kuma ya ɗauki sunan likitan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne suke da gigin tsufa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 kuwa wannan ciwo ne sanadinsa.

Kusan shekara 100, sai bayan mutum ya mutu ake iya ganin wannan datti. Amma a 2004 masana a birnin Pittsburgh na Amurka, tare da abokan aikinsu a Suwidin, suka nuna hanyar ganinsa a kan rayayye. Akan yi wa mutum allurar wani ruwa mai fitar da ɗan ƙyalli wanda ido ba ya gani. Ruwan ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa ya manne wa amiloyid, sa'an nan na'urar da ake kira PET ta ɗauki hoton inda ya taru. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da irin wannan hoto a asibiti a 2012, na tawu kuma a 2020.

Akwai kuma hoton maganaɗisu, wanda a asibiti ake ce masa MRI. Shi yana nuna siffar ƙwaƙwalwa. A cikin kowane ɓarin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa inda ake fara ajiye abin da ya faru yau, sai mu ce da shi rumbun tunawa. Ciwon yakan fara cinye shi da wuri. Shi ya sa tsohuwa takan manta da abincin da ta ci ɗazu, amma ta lissafa muku ƙawayen aurenta ɗaya ɗaya. Hoton yana kuma nuna fararen tabbai, inda hawan jini ya lalatar da ƙananan jijiyoyi.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne daɗewar ciwon a ɓoye. A lardin Antiyokiya na ƙasar Kolombiya akwai wani babban dangi mai mutum dubbai, waɗanda suke gādon ciwon. Wanda ya gāje shi yakan fara mantuwa wajen shekara 44. Da aka ɗauki hotunansu, aka ga amiloyid yana fara taruwa tun wajen shekara 28, wato shekara 16 kafin kowa ya lura da wani abu. Bincike a kan sauran mutane ma ya nuna akan yi shekara 15 zuwa 20. Kamar gara ce, tana cin itacen rufi daga ciki, mai gida kuwa yana kwana a ƙarƙashinsa hankali kwance.

To, ashe sai kowa ya je a ɗauki hotonsa? A'a. Wani babban lissafi da aka buga a 2015 ya nuna cikin mutane masu cikakken hankali, kusan 10 cikin 100 suna da amiloyid a shekara 50, fiye da 40 cikin 100 kuma a shekara 90. Da yawa a cikinsu sukan cika kwanakinsu ba tare da sun ruɗe ba. Hoton yana nuna haɗari ne, ba ya yanke hukunci. Ga kuma batun magani. A 2023 da 2024 Amurka ta yarda da magunguna biyu masu share amiloyid, domin waɗanda mantuwa ta fara taɓawa. Na farin ya rage saurin ciwon da kamar kashi ɗaya cikin huɗu a wata 18. Ba su warkarwa, suna da tsada ƙwarai, suna kuma iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Saboda haka likitoci ba su ba mai lafiya shawara ya nemi wannan hoto. Gwajin jini da aka yarda da shi a can a 2025 ma, domin masu alamun ciwon ne.

Na'urorin nan ba su da yawa a ƙasashenmu, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin yawancinmu. Duk da haka labarin ya shafe mu, gama ya nuna mana lokacin da ya kamata mu tashi tsaye. Idan ɓarnar takan ɗauki shekara 20, to, mu da muke tsakanin 40 da 50 muna cikin lokacin shuka ne.

Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da na Indiyana a Amurka suka riƙa bin tsofaffi a wurare biyu. A 2001 suka ba da labari cewa baƙaƙen Amurka na birnin Indianapolis suna kamuwa da gigin tsufa fiye da ninki biyu na Yarabawan Ibadan. Ɗaya daga cikin dalilan da suka yi zato shi ne ciwace-ciwacen jijiyoyin jini sun fi yawa a can. A 2019 wani gwaji a Amurka, na mutum fiye da 9,000 masu hawan jini, ya nuna waɗanda aka saukar musu da jini sosai sun fi tsira daga farkon mantuwa, fararen tabban nan kuma ba su ƙaru da sauri a hotonsu ba. A 2024 kuma kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda, in an kula da su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa.

Yawancinsu suna hannunmu. Mu riƙa auna jini da sukari, wanda aka ɗora wa magani kuma kada ya daina domin ya ji sauƙi. Mu bar taba da giya. Mai hawa babur ya sa hular kwano. Mu riƙa motsa jiki. Mu bar yara, maza da mata, su yi karatu. Idan Baba ya fara kurumcewa, ko yanar ido ta rufe wa Kaka gani, a kai su asibiti, gama kunne da ido su ne ƙofofin ƙwaƙwalwa. Kada kuma a ware tsoho a ɗakin baya shi kaɗai. A zauna a yi hira da shi, a tafi da shi sujada da biki.

Wanda ya riga ya fara ruɗewa ma a kai shi wurin likita, gama ba kowace ruɗewa ce ciwon Alzheimer ba. Ciwon mafitsara, ƙarancin waɗansu sinadaran abinci, ko jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, duk suna rikita tsoho, ana kuwa maganinsu. Hoton kai na CT, wanda ake samu a manyan asibitoci, yana nuna irin wannan jini.

In kuwa ciwon ne, to, mu sani ciwo ne na jiki, kamar makanta ko shanyewar ɓarin jiki. An gan shi a hoto, an auna shi. Kada mu yarda a kira tsohuwarmu mayya, kada kuma mu yi fushi in ta ce mun sace mata zane. Girmama uwa da uba yana kanmu ko sun manta da sunayenmu. Dattawa da zumuntar mata su riƙa leƙa irin waɗannan gidaje, su karɓi mai jinya ko na yini ɗaya ne, domin ita ma ta huta.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.