Gardamar Masu Sauraro A Kan Faifan Tommy

Yau ina so in kawo muku wata gardama wadda ta daɗe tsakanin masu sauraron kiɗan Turawa, a Ingila da Amurka da sauran ƙasashen da faifansu ya kai. Tun shekarar 1975 a ke yinta, har yanzu kuwa ba ta mutu ba. Gardamar a kan wani labari ne da a ke kira Tommy, wanda aka ɗauka a faifai sau biyu mashahurai, na fari domin kunne, na biyu domin silima. To, wanne ya fi? Kafin in faɗi nawa ra'ayi, ya kamata in warware muku asalin abin, gama ba a shiga shari'a sai an ji mafarinta.

A birnin Landan akwai waɗansu samari huɗu makaɗa da suka haɗu suka sa wa ƙungiyarsu suna The Who. Pete Townshend shi ne mai jita, shi ne kuma mai tsara yawancin waƙoƙinsu. Roger Daltrey shi ne zabiya, John Entwistle mai jitar nan mai kaurin murya, Keith Moon kuwa mai ganguna. Irin kiɗansu shi a ke kira rok, watau kiɗan samari mai ƙara da zafi, wanda a da waƙa guda ba ta wuce minti uku ko huɗu. A watan Mayu na 1969 suka fito da abin da ba a saba ji ba: faifai biyu a jaka guda, waƙoƙi fiye da ashirin, kowace tana ɗaukar labari daga inda 'yar'uwarta ta ajiye. Turawa suna da tsohuwar al'ada ta wasan kwaikwayo wanda ba a magana a cikinsa sai waƙa, suna kiransa ofera, shi ya sa aka ce da wannan ofera ta rok. Har a 1970 aka bar su suka kaɗa shi a babban gidan ofera na birnin New York, inda a da sai manyan mawaƙa masu kwat da taye ke hawa.

Labarin kuwa ga shi a taƙaice. Wani soja, Kyaftin Walker, ya ɓace a wurin yaƙi, aka ɗauka ya mutu, matarsa ta haifi ɗa namiji a bayansa. Bayan shekaru sai ga shi ya komo, ya tarar da wani namiji a gidansa, aka yi kisa a gaban yaron. Manya suka taru a kansa suka matsa masa ya ɓoye abin da ya gani, shi kuwa ya ɓoye har ya wuce yadda su ke so: ya zama kurma, bebe, makaho, ba don wata cuta a jikinsa ba. 'Yan'uwa suka wulakanta shi, aka kai shi wurin masu magani na gaskiya da na ƙarya. Daga baya ya gwanance da wani wasan ƙwallon ƙarfe da a ke yi cikin akwati mai gilashi, fimbol, har ya kā da zakaran wasan. Ran da madubin da ya ke tsayawa gabansa ya fashe, sai idonsa da kunnensa da bakinsa suka buɗe. Mutane suka bi shi suna neman tsira wurinsa, da ya ɗora musu sharuɗa masu wuya suka juya masa baya.

A 1975 wani mai shirya silima Bature, Ken Russell, ya mai da labarin hoto mai motsi. Aka sāke ɗaukar kiɗan duka tun daga farko, aka ƙara sababbin waƙoƙi, aka matso da labarin daga bayan Yaƙin Duniya na Farko zuwa bayan na Biyu. Har wanda ya mutu ma aka sāke: a faifan 1969 uban ne ya kashe kwarton, a silima kuwa kwarton ne ya kashe uban. Babban abin da ya bambanta su dai shi ne muryoyi. A da 'yan ƙungiyar su kaɗai ke rera kome, uwa da uba da likita da boka duk daga bakinsu. Yanzu kowane mutum cikin labarin an ba shi nasa baki. Daltrey ya zama Tommy, Ann-Margret ta zama uwarsa, ko da ya ke shekara uku kaɗai ta girme shi. Oliver Reed ya zama mijin uwar, Jack Nicholson likita, Eric Clapton mai wa'azi, Tina Turner matar nan mai ba da ƙwaya, Elton John zakaran fimbol. Wannan kiɗa na silima shi aka buga a faifai biyu aka kai kasuwa, a kansa kuma masu sauraro suka rabu.

Kashi na farko su ne tsofaffin masoyan The Who. Su abin da su ke cewa shi ne an ɓata rawa da tsalle. Ƙararsu ta fari a kan Oliver Reed ta ke, ta biyu ma a kansa. Mutumin gwanin kwaikwayo ne, babu mai musun wannan, amma Allah bai ba shi muryar waƙa ba, ga shi kuwa rabonsa cikin faifan ba kaɗan ba ne. In ya ɗauki waƙa sai ka ji kamar mai jan buhu a kan tsakuwa. Jack Nicholson shi ma ba mawaƙi ba ne, sai dai nasa ɗan kaɗan ne, kafin ka gaji ya wuce. Sa'an nan suna kuka da na'urar nan ta lantarki mai kwaikwayon kowane irin sauti, sintasaiza, wadda Townshend ya cika faifan da ita, har ta danne jitar da aka san shi da ita. Ƙara ta uku kuwa ita ce ba The Who zalla ke kiɗan ba. An gayyato baƙin makaɗa da yawa, har a waƙoƙi da dama Kenney Jones ne ya buga ganguna maimakon Keith Moon. Wanda ya san hannun Moon, yadda ya ke zubo ganguna kamar ƙanƙara bisa kwano, nan da nan zai ji rashinsa.

Kashi na biyu yawancinsu mutane ne da suka fara ganin silimar kafin su ji faifan 1969. Su kuma suna da hujja, ba kuwa hujjar banza ba. Suna cewa tsohon faifan yana da duhu: in ba ka riƙe takardar waƙoƙin a hannu ba, ba ka sanin wa ke magana, uwa ce ko uba ko ɗa, tun da ya ke murya biyu ko uku ke yin kowa. Suna cewa kiɗansa ma siriri ne, bai kai ƙarfin da ƙungiyar ke da shi a dandali ba. Wannan magana tasu gaskiya ce, duk wanda ya ji yadda suka kaɗa Tommy a gaban jama'a cikin 1969 da 1970 zai shaida. Sa'an nan su kan ce, a ina cikin tsohon faifan za ka sami abin da ya kai waƙar Tina Turner? Townshend ne ya rera ta da fari, a hankali, kamar mai ba da labarin wata mace. Da Tina Turner ta karɓa sai macen da kanta ta shigo ɗaki, tana kyarma tana tsawa. Ita ma ta san abin da ta samu, gama a wannan shekara ta 1975 ta fito da faifanta ta sa masa sunan waƙar, Acid Queen. Elton John kuma ya zo da makaɗansa, ya ɗauki waƙar Pinball Wizard, ya ajiye jita ya sa fiyano a gurbinta. Tasa ta kai ta 7 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila cikin 1976, ta The Who kuwa ta kai ta 4 cikin 1969. Kasuwa ma ba ta ƙi faifan silimar ba, don a Amurka ya hau har mataki na 2, alhali tsohon ya tsaya a na 4.

To, ni ga abin da na gani. Ɓangarorin nan biyu suna auna abu biyu da mudu ɗaya, shi ya sa awon bai taɓa daidaita ba. Faifan 1969 an yi shi ne domin mutum ya zauna ya saurara ba ya ganin kome. Ku duba kuwa yadda wannan ya dace da labarin. Yaron makaho ne, duniya tana zuwa masa a dagule, ba ya rarrabe mai magana. Mai sauraro shi ma an bar shi cikin wannan duhu, muryoyi suna wucewa ta kansa, shi zai ƙaga fuskokinsu da kansa. Duhun da kashi na biyu ke kuka da shi, a wurina shi ne rabin daɗin abin. Faifan 1975 kuwa bara ne, ubangidansa hoto. An yanka kowace waƙa daidai tsawon abin da ido zai gani, an ƙara mata ƙara inda hoton ke bukatar ƙara. Ranar da aka raba bara da ubangidansa aka aike shi kasuwa shi kaɗai, tilas a ga ramarsa.

Bari in ba ku misali. Akwai wuri cikin silimar inda Ann-Margret ta ke zaune a wani farin ɗaki, ta sha giya, tana kallon ɗanta a talabijin, sai akwatin ya fashe, kumfar sabulu da dafaffen wake da cakulan suka kwararo suka cika ɗakin, tana birgima a ciki. Duk wanda ya ga wannan ba ya mantawa. Aikinta cikin silimar ya sa aka ba ta lambar Golden Globe, aka kuma sa sunanta cikin masu takarar Oska. Amma sa faifan a garmaho, ka rufe ido: ina waken? Abin da ya rage sai mace tana waƙa da ƙarfi fiye da yadda kunne ke ganin dalili. Ita kuwa mawaƙiya ce ta gaske, ta yi waƙa tare da Elvis Presley a silima tun 1964. Laifin ba na muryarta ba ne, an cire mata abin da ta ke yi wa ihun.

Haka kuma maganar Oliver Reed. A silima mutumin da ya ke kwaikwayo ɗan duniya ne, mayaudari, mai dariyar da ba ta kai ciki ba. Muguwar muryar nan ta zauna masa kamar riga, in kana kallon fuskarsa har ka ce da gangan ya ke yi. Mu da muka saba da silimar Indiya mun san wata dabara dabam: ɗan wasa ya motsa baki, Mohammed Rafi ko Lata Mangeshkar su yi waƙar a bayan fage, saboda haka faifansu ya kan tsaya da ƙafarsa ko babu hoto. Russell bai bi wannan hanya ba, ya bar manyan 'yan wasansa da muryar da aka haife su da ita. Silimar ta ci riba da haka, faifan ne ya biya kuɗin.

Akwai kuma wani abu da masu gardamar ba su cika ambata ba. An shirya sautin silimar ne domin lasifika biyar, huɗu a kusurwoyin ɗakin kallo, ɗaya a bayan allo, don kiɗa ya kewaye mai kallo ta ko'ina. Na'urar nan da a ke kuka da yawanta an zuba ta ne domin ta cika babban zaure. Da aka matse duk wannan cikin lasifika biyu na gida, sai ya zama kamar an zuba tulu cikin moɗa. Masu ba da Oska da suka sa sunan Townshend cikin takara saboda tsarin kiɗan, a zaure suka ji shi, ba a ɗakin kwana ba.

Ban yarda da tsofaffin masoyan ba inda su ke cewa waƙa ta mai ita ce, wani ba shi da ikon taɓa ta. Townshend da kansa ya shugabanci sāke ɗaukar, ba sace masa aka yi ba. Tun 1972 ma an riga an kaɗa Tommy da babbar ƙungiyar makaɗan London Symphony Orchestra da baƙin mawaƙa, a 1993 kuma aka mai da shi wasan dandali a Broadway. Labarin da ya jure hannu da yawa haka ba ya tsoron hannun Elton John. Daltrey ma, in za a faɗi gaskiya, muryarsa ta 1975 ta fi ta 1969 cika da nauyi, gama ya yi shekaru yana rera waƙoƙin nan a gaban dubban mutane kafin ya komo ya sāke ɗaukarsu. Waƙoƙin ƙarshe na faifan silimar shaida ne.

Amma ban yarda da kashi na biyu ba in sun ce sabon ya maye gurbin tsohon. Faifan da za ka riƙa ɗaga allura kana tsallake rabinsa don ka kai ga waƙa huɗu ko biyar, ba za a ce ya fi wanda a ke ji daga farko har ƙarshe ba a tashi ba. Saboda haka malami ko akawu da ya ke da kuɗin guda ɗaya tak, shawarata ya sayi na 1969. In ya sami hali ya ga silimar, sa'an nan ya nemi na 1975, don a lokacin idonsa zai riƙa cika masa abin da kunne ya rasa. Wanda kuwa ya ji su duka biyu ya ga ba haka ba, fili a buɗe ya ke, ya rubuto wa Edita, ya faɗa mana wace waƙa ce ta Oliver Reed ya iya ji sau biyu a jere.