Kakkausar murya dabam, zagi dabam

Akwai wata kalma ta Ingilishi da ke yawan fitowa cikin labarun duniya, wadda ya kamata mu san ta sosai, don kada a ruɗe mu. Kalmar ita ce vehement. Asalinta daga Latin ne, kuma Faransanci na da ita, véhément. Ana sifanta magana da ita idan mai maganar ya faɗe ta da iyakar ƙarfin zuciyarsa, ba sassautawa, ba kwana-kwana. Galibi tana tafiya da musu, ko ƙin yarda, ko suka.

Ga misali. A watan Janairu na 1976, shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka suka yi taro na musamman a Addis Ababa bisa rikicin Angola. Janar Murtala Muhammad na Nijeriya ya yi jawabi da Ingilishi, ya goyi bayan MPLA, ya ƙi yarda Amurka ta tsara wa Afirka abin da za ta yi. Irin wannan jawabi shi ake sifantawa da kalmar nan. Mafassarin da ya ce "ya zagi Amurka" ya ƙara gishiri. Wanda ya ce "ya bayyana ra'ayinsa" ya tsarma maganar da ruwa har ta salance. Daidai shi ne a ce ya yi magana da kakkausar murya.

Hausa ba ta rasa abin faɗi a nan ba. Muna cewa ya ƙi ƙememe, ya musanta sarai, ya tsaya tsayin daka, ya ce atafau. Kowace da wurin zamanta. Aikin mai fassara, a gidan rediyo ko a ma'aikata, shi ne ya auna zafin maganar, ya zuba ta da mudun da aka auno ta. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne: manomi a Dakoro ko ɗan kasuwa a Damagaram ba shi da takardar asali, abin da aka faɗa masa da Hausa shi zai riƙe. Idan aka mai da ƙin yarda ya zama zagi, ana iya shuka gaba tsakanin maƙwabta a kan abin da ba wanda ya faɗa. Magana kuwa zarar bunu ce.

Ku ma masu karatu, ku lura da abu guda. Kalmar nan ƙarfin murya kawai take nunawa, ba ta shaidar gaskiya. Mai gaskiya na musu da ƙarfi, ɓarawo ma gaban alƙali haka yake yi. Saboda haka in kun ji an ce wane ya musanta da kakkausar murya, ku tambaya: mece ce hujjarsa?

Allah shi ba mu kunnen saurare da harshen faɗin daidai, amin.